Idan Zaman Gida Ya Gundure Ka, Me Za Ka Kalla?

Akwai wani irin zama da kowa ya sani. An yi hutun makaranta, ko yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ruwan Agusta ya tsare kowa a ɗaki. An gama aikin gida, hira ta ƙare, barci ya ƙi zuwa. Sai a jawo waya. Awa biyu yatsa yana hawa da sauka a TikTok, an kalli guntaye ɗari, ba a riƙe ko guda ba, a ƙarshe a yi tsaki a ce babu abin kallo. Ni kuwa a ganina abin kallon ne ya yi yawa har aka rasa ta inda za a kama. Zamanin da NTA Kaduna ke nuna Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, yara kan cika ƙofar gidan mai talabijin tun kafin a fara, ba mai tambayar me za a kalla. Yau zaɓin shi ne aikin, kuma wanda bai zaɓa ba, wayarsa za ta zaɓar masa.

Kafin ka danna komai, duba abu biyu: yawan lokacin da ke hannunka, da kuma wanda ke zaune kusa da kai.

In falon cike yake, ga Hajiya, ga yara, ga baƙuwa daga ƙauye, to Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ba ya ba da kunya. Labarin wani tsohon attajiri ne mai auri-saki, da tarin 'ya'yan da kowa ya zuba wa dukiyarsa ido, kowa da salon dabararsa. Dariya ce zalla, amma duk wanda ya taɓa ganin rikicin gado a danginsu zai yi dariyar yana sosa ƙeya. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 shi ma na kowa ne kamar sunansa. Garin ƙirƙira ne, amma Kamaye da Adama da Malam Nata'ala duk mun san irinsu a unguwanninmu. Shirin ya taɓo almajirci da shaye-shaye da halin 'yan gudun hijira ba tare da ya koma wa'azi ba, ya kuma ci kyautar Africa Magic ta ɓangaren Hausa a 2016. Kyansa ga mai zaman kashe lokaci shi ne ko daga tsakiya ka shiga, ba za ka ɓata ba.

Wanda na fi so a ba shi lokaci na musamman shi ne Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019. Sunan ya fito ne daga kwanakin da suka rage a yi zaɓe a jihar Alfawa, jihar da ba ta cikin taswira amma kowa ya san hanyarta. Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikaɗa, mutumin da zai yi maka murmushi da rana ya sa a rufe maka baki da dare. Ga Sahabi ɗan jarida da ya ƙi a saye shi, ga asibitin gwamnati da talaka ke mutuwa a layi, ga 'yan bangar siyasa da masu ba su ƙwaya. Abin da ya bambanta shi da yawancin finafinanmu shi ne mugu a cikinsa yana da wayo, kuma mutumin kirki ma yakan yi kuskure in mulki ya zo hannunsa. Zangon farko ya fi sauran tsauri da tsari, daga baya labarin ya yi rassa da yawa. Duk da haka, matashin da zai jefa ƙuri'a karon farko ya kamata ya gan shi.

Masu son soyayya da rikicin gida sun riga sun san Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda suka yi tashe tun 2020, shekarar kullen korona, lokacin da masu shirya fim suka koma YouTube gadan-gadan. Gargaɗina ɗaya ne: irin waɗannan ba su da ƙarshe kusa. Labarina har jarumarsa ta farko, Nafisa Abdullahi, ta bar shi, daga baya aka ɗauko sabon labari da Sadiq Sani Sadiq. In hutunka na kwana uku ne, kada ka ɗauko abin da zai bi ka har ɗakin jarrabawa. Haka zancen yake ga Ertugrul na Turkawa, mai kashi 150, kowanne kusan awa biyu a yadda aka fara nuna shi. Dawakai da takubba sun ƙayatar, amma a tuna cewa abin da tarihi ya adana game da Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ake gani aikin marubuta ne, kada a ɗauke shi a je ana musu a majalisa.

Ga mai yamma ɗaya tak, fim guda mai kai da gindi ya fi. A nan zan roƙi iyaye su nemi Taare Zameen Par na Aamir Khan, wanda ya fito a 2007. Yaro ne ɗan shekara takwas da haruffa ke yi wa rawa a ido, ya kasa karatu, gida da makaranta suka haɗu a kan cewa malalaci ne, har wani malami ya gane larura ce. Yara nawa muka kira daƙiƙai, muka bi da bulala, alhali irin wannan ce ke damunsu? Mun saba kallon Indiya don waƙa da faɗa, ga kuma masu fassara irin su Algaita sun kawo mana su har cikin harshenmu, amma wannan na zama ne a yi shiru. Kusa da shi akwai The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya na William Kamkwamba, ɗan ƙasar Malawi da aka kora daga makaranta saboda kuɗi a shekarar yunwa. Ya dinga shiga ɗakin karatu, ya haɗa injin iska da tarkacen bola da sassan keke, ya samar da lantarki. Ɗan manomin da ya san fari ba ya buƙatar a yi masa bayanin fim ɗin.

Na tarihi kuwa, da yawa sun ga Lion of the Desert na Mustafa Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a Umar Mukhtar, malamin allon da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya kafin a rataye shi a 1931. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san Umar Mukhtar, amma kaɗan ne cikinmu suka ga Sarraounia, alhali labarin gidanmu ne. Med Hondo ɗan Muritaniya ya shirya shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899, a lokacin da rundunar ke ƙone garuruwa tana karkashe mutane a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Haka Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: yaron da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawu har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai aka gano shi, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Samun waɗannan biyun sai an tona, amma tonon ma maganin gundura ne.

Wanda zuciyarsa ke da ƙarfi ya nemi Zinder na Aisha Macky, na 2021. Ba wasa ba ne, rayuwar gaske ce ta samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, suna magana da Hausarsu kan faɗan daba da fasa-ƙwaurin fetur da zaman kurkuku. The Milkmaid na 2020, wanda Maryam Booth ta ci kyauta da shi, ya bi 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya da 'yan ta'adda suka tarwatsa wa rayuwa. Waɗannan a bari sai yara sun kwanta.

Saura batun data da wuta, waɗanda su ne ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Kallo kai tsaye a intanet yana cin data kamar gara. Gara a sauke da dare lokacin da ta fi araha, a rage ƙarfin hoton, tunda a fuskar waya bambancin ba ya fitowa sosai. In da hali kuma a kalli na gida a tashar masu shi ta YouTube maimakon a karɓa a wajen masu tura finafinai a kasuwa, domin da yawan masu kallon ne ake biyan waɗanda suka sha rana wajen ɗauka.

Yau da daddare ka zaɓi guda ɗaya cikin waɗannan, ka kira mutanen gidan, ka kife wayarka har a gama.