Ƙyalle a Bayan Baka: Rigakafin Karyewa

Duk maharbi ya san baka yakan karye ne a lokacin da aka ja tsirkiya. A sa'an nan cikin baka, wato gefen da ke duban maharbi, yana matsewa, bayansa kuwa yana miƙewa. In akwai ƴar tsaga a bayan nan, daga gare ta sartse ke tashi, itace ya dare, har ya raunata ido.

Masassaƙan baka na Amurka da Turai suna da dabara game da haka. Sukan kankare bayan baka ya yi sumul, su shafa danƙon da aka dafa daga fata, su shimfiɗa ƙyallen lilin ko na siliki, zarensa yana bin tsawon baka. Sai a matse shi da yatsa iska ta fita, a bar shi ya bushe awa 24, a datse gefuna, a shafa man da ke hana laima shiga.

Amma a lura: ƙyalle ba ya ƙara wa baka ƙarfin harbi kamar jijiyar dabba da ƴan asalin Amurka suka saba mannawa. Aikinsa danne sartse kawai. Bakan da aka sassaƙa da ruɓaɓɓen itace, ko siliki ba ya cetonsa.