Daraktar da ta shirya fim daga kan gado

Mai karatu, ka taɓa jin daraktan da ya ba da umarni yana kwance a gado? To, Jennifer Brea ta yi. Ba'amurkiya ce, tana karatun digirin digirgir a Jami'ar Harvard sai zazzaɓi mai zafi ya kayar da ita a 2011. Zazzaɓi ya tafi, gajiya ta ce ba inda za ta. Wani likita ma cewa ya yi damuwa ce kawai. Sai ta ɗauki kyamara ta riƙa ɗaukar kanta. Asalin fim ɗin "Unrest" ke nan, wanda ya ci kyauta a bikin Sundance na 2017.

Ciwon nata ana kiransa ME/CFS, kuma wasu da suka yi korona sun gamu da irinsa. Alamarsa, ka ɗan yi aiki yau, gobe ko jibi jiki ya rushe. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Dabarar ita ce auna ƙarfi, a huta tun kafin a gaji. A 2021 ma hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa majinyacin motsa jiki.

Saboda haka, furodusa, in jaruminka ya tashi daga jinya ya ce ba zai iya kwanan lokeshin ba, kar ka ce yanga ce. A kai shi asibiti tukuna.