Eriyar da ke juya kunne ba tare da ta motsa ba

Duk wanda ya taɓa kafa farantin telebijin, wanda muka fi sani da parabol, ya san wahalar aikin. Mutum guda bisa soro yana juya faranti sannu-sannu, wani cikin ɗaki yana duban hoto yana ƙwala kira, har a dace da inda tauraron ɗan'adam yake. In an dace sai a ɗaure tamau, a yi fatan kada iskar damina ta karkata shi. Wannan dabara tana ci ne domin tauraron telebijin yana can nisan kilometa 35 786, inda yake kewayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa muke ganin kamar wuri guda yake tsaye.

To amma zamani ya juya. Taurarin da ke kawo intanet yanzu ƙasa-ƙasa suke shawagi: na kampanin Starlink wajen kilometa 550, na OneWeb kuwa kilometa 1 200. Waɗannan ba su zama. Kafin awa biyu sun kewaye duniya, cikin ƴan mintoci sun ratsa samaniyar gari sun ɓace. Ɗaurarren faranti ba ya iya bin su. In aka sa mashi injin da zai riƙa juya shi, ga nauyi, ga tsada, ga ƙura mai cin ƙarfe. Haka matsalar take ga mota ko jirgin ruwa, waɗanda kowane lokaci suke sake fuska. Saboda haka masana suka shiga neman eriyar da za ta maida kunnenta ko'ina alhali tana kwance.

Ɗaya daga cikin amsoshin da suka samu ita ce abin da suke kira metamateriyo. Don mu fahimce shi, mu dubi kaba. Kaba ɗaya ce, amma da ita ake tabarma, da ita ake faifai, da ita ake malafa; saƙa ce ke ba kowanne aikinsa. Haka metamateriyo yake: tagulla ce da gilashi da kowa ya sani, sai dai an tsara su cikin ƙananan siffofi jere-jere, kowace siffa ba ta kai tsawon taguwar rediyon da za ta ratsa ta ba. Taguwar da galibin taurarin telebijin ke aikowa ba ta wuce santimeta biyu da rabi ko uku. Idan ta iske wannan saƙa, sai ta bi hanyar da masaƙin ya shata mata.

Tunanin ya daɗe. A shekara ta 1967 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Viktor Veselago, ya nuna a lissafi cewa ana iya samun abin da zai lanƙwasa haske ta baibai. Babu irinsa cikin halitta, don haka maganar ta kwanta shekara talatin. A 1999 John Pendry, malami a Landan, ya bayyana yadda ƙananan zobban tagulla masu tsaga za su yi wani sashe na aikin. A 2000 David Smith da abokan aikinsa na jami'ar Kaliforniya a San Diyego suka haɗa na farko. Daga baya Smith ya koma jami'ar Duke, kuma ɗalibinsa Nathan Kundtz shi ne ya jagoranci kafa kampanin Kymeta a 2012, a garin Redmond na Amurka, da kuɗin masu jari ciki har da Bill Gates. A 2017 eriyarsu ta shiga kasuwa.

Ga yadda take aiki. Shafaffiya ce kamar tire. A ƙarƙashin fuskarta taguwar rediyo ke gudana, kamar ruwa cikin babbar magudanar noman rani. A saman akwai dubban ƙananan kafofi, kowace da makullinta. Makullin wani ruwa ne na musamman, irin wanda ke cikin gilashin salula da shafaffen telebijin, wanda ke sake hali in wutar lantarki kaɗan ta taɓa shi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke zaɓen kafar da za ta buɗe da wadda za ta rufe. Taguwoyin da suka fito sai su haɗa ƙarfi ta fuska ɗaya, su kashe juna ta sauran fuskoki. Da an sake zaɓen kafofi, kunnen eriya ya koma wani wuri cikin ƙiftawar ido, babu ƙarfen da ya motsa. Tun da fasaharta ɗaya ce da ta gilashin telebijin, Kymeta ya ƙulla yarjejeniya da kampanin Sharp na Japan don a ƙera ta a masana'antarsa.

Sai dai Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan eriya tana da kishiya mai ƙarfi. Farantin Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance cikin ƙasarmu a 2025, shi ma da lantarki yake juya kunne, amma ta wata tsohuwar hanya da aka daɗe ana amfani da ita a rada: ƙananan eriyoyi da yawa, kowace da na'urar da ke jinkirta mata taguwa. Yawan ƙira ya karya farashinsa, har ya kai hannun talaka mai ɗan hali. Ita kuwa eriyar metamateriyo, galibin masu sayenta sojoji ne, da jiragen ruwa, da ma'aikatan agaji. Alfaharinta shi ne ƙarancin cin wuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne inda farantin hasken rana da batir su ne dukan wutar gari.

Ƙasa mai faɗin murabba'in kilometa 1 267 000, wadda galibinta hamada ce, ba za a dasa mata turakun tarho ko'ina ba. Motar likita da ta tashi daga Agadas za ta Bilma, in ta lalace a tsakiyar rairayi, ran waɗanda ke ciki yana iya rataya ga eriyar da ke bisa rufinta. Shi ya sa ya kamata hukumominmu da ɗalibanmu na fasaha su sa ido kan wannan gasa. Ranar da za a zo mana da tallar na'urorin, mu san abin da za mu tambaya: nawa take, wuta nawa take ci, tana jure zafi da ƙurar hunturu, kuma wa zai gyara ta a Maraɗi ko Damagaram in ta tsaya.