Daga dandali zuwa fada: tarihin wuraren hirar samari a ƙasarmu

Jama'ar Ollelewa da kewaye, in an ce kulob, hankalin wasu yakan tafi gidajen rawa na manyan birane, kamar na Sabon Garin Kano ko Shrine na mawaƙi Fela Kuti a Legas. To amma mu nan Damargu, kulob ɗinmu tabarma ce da butar shayi. Sunanta fada, kuma tana da tarihi.

Da can, dandali ne matattarar matasa. Bayan sallar isha, in farin wata ya fito, makaɗi ya ɗauki kalangu, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi kokowa. Kowane gari da sarkin samarinsa. Shi ke kiran gayya in za a nome gonar wani dattijo ko a yashe rijiya. Wato wasa da aiki tare suke tafiya.

Da Seini Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, sai gwamnatinsa ta ɗauki wannan tsari ta mai da shi Samariya ta ƙasa baki ɗaya. Aka gina gidajen samariya, matasa suka riƙa gina azuzuwan lakwal, suna dasa itatuwa, suna gasar waƙa da wasan kwaikwayo tsakanin jahohi. Sai dai fa Samariya ta zama idon gwamnati da bakinta a cikin unguwanni. Shi ya sa bayan babban taron ƙasa na 1991, da jam'iyyu suka yawaita, ta yi sanyi.

Daidai lokacin kuma aiki ya yi wuya. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Samarin da suka gama karatu suka rasa abin yi. A cikin waɗannan shekarun ne fada ta yi ƙarfi a birnin Damagaram, ta bazu cikin ƙasa. Sunan ma aro ne daga fadar sarki: ga shugaba, ga ma'aji, ga mai dafa shayi, a rubuta sunan fada a jikin bango. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun ƙara mata farin jini da shirin gaishe-gaishe.

Fada tana da fuska biyu. Akwai masu adashi, suna share unguwa, suna gadin dare, suna tallafa wa ɗan'uwa ranar aure ko suna. Akwai kuma waɗanda suka rikiɗe suka zama gungun da ake kira pale a Damagaram, inda faɗa da shan ƙwaya suka shiga. Fim ɗin Zinder na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara.

Nan gare mu, daga Tanut har Belbeji, fada takan cika da kaka, ta rame da rani, in samari sun kama hanyar Agadas zuwa Libiya, Aljeriya ko wuraren haƙar zinariya. Sau da yawa a bakin butar shayin nan ake yanke shawarar tafiyar.

Don haka iyaye da hukumomin komin, kada mu tsaya zagin fada daga nesa. Mu je mu zauna, mu sha shayinsu, mu ji abin da ke damunsu. In akwai aikin gayya ko horon sana'a, ta hannun shugabannin fada ya kamata kira ya bi, kamar yadda kakanninmu suka yi da sarkin samari.