Ciwon Marar Maigida Ba Kullum Sanyi Ba Ne

'Yan'uwana mata na Bacirawa da kewaye, idan maigida ya fara kukan ciwon mara da zafin fitsari, sau da yawa uwargida ake ɗora wa laifi, wai ita ta shafa masa sanyi. To, a ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙullutu, furostet. Ƙwayoyin cutar da kan kumbura shi galibi daga hanjin mai ciwon suke, su haura ta hanyar fitsari. Kuma cikin masu ciwon 10, da ƙyar ake samun ƙwayar a jikin 1, don haka sayen kafso a kyamis ɓarnar kuɗi ce. Ki lallaɓa shi ya je Asibitin Murtala a auna fitsarinsa. In an ga ƙwayar, shan magani kan kai mako 4 zuwa 6. In kuwa da zazzaɓi, ko fitsari ya tsaya, kada a kwana.