Duwatsu Masu Kai Kamar Faifai

Cikin darussan labarin ƙasa babu wanda ya ke ba malamin da aka tura ƙauyukan Katagum wahala kamar darasin duwatsu. Dalili kuwa a fili ya ke. Yaron da aka haifa a Gamawa ko Udubo ko Sakwa yana iya kai shekara goma sha biyu bai taɓa ganin abin da ya fi jigawa ko suri tudu ba. In malam ya zo zana dutse a allo sai ya yi masa tsini kamar jinkar ɗaki, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Ran da ɗayansu ya je Kano ya ga Dala, kanta a baje kamar faifai, sai ya rasa inda zai sa ta cikin abin da aka koya masa. Don haka na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin irin waɗannan duwatsu, tun ba su fita koyarwa ba, gama labarinsu ya shafi ƙasar da mu ke takawa a nan Azare fiye da yadda a ke zato.

Da fari sai mu gyara wani abu game da awo. In littafi ya ce wuri kaza tsawonsa mita kaza ne, daga fuskar teku a ke soma ƙirga, ba daga gindin dutsen ba. Ƙwanƙolin Dala yana mita 534 bisa teku, amma birnin Kano kansa yana wajen mita 480, ka ga ke nan abin da mai hawa zai hau bai fi mita hamsin da 'yan kai ba. Garin Azare, duk da shimfiɗarsa, ya haura mita 400 bisa teku. Dutsen Patti na Lakwaja kuwa, wanda ya ke leƙen mahaɗar Kwara da Binuwai, kansa wajen mita 450 ne. Watau yaron da ke zaune a aji a Azare, ba tare da ya hau kome ba, ya kusa yin kai ɗaya da wanda ya sha haki ya hau Patti. Na lura yara ba su kan manta da wannan in an faɗa musu.

Manyan tuddan Nijeriya ba su da yawa. A tsakiya akwai tudun Jos, wanda yawancinsa ya wuce mita 1,200, duwatsun Shere da ke kansa kuma sun kai mita 1,829, watau ƙafa 6,000 a tsohon awo. Gabas akwai tudun Biu, wanda narkakken dutse ne da ya malalo daga cikin ƙasa ya daskare. Can kudu maso gabas, kan iyakar Kamaru, akwai Mambila, da kuma Cafal Wadi, mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse a Nijeriya tsawo. Mu kuwa muna gangaren da ya tashi daga tudun Jos ya nufi tafkin Cadi, inda ƙasa ta sauka zuwa wajen mita 280.

To, duwatsun da ke kusa da mu iri biyu ne, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Iri na fari shi ne na Shira, kudu da Azare, da na Dutse, da na Ningi, da Kufena ta Zariya. Waɗannan ƙaƙƙarfan dutse ne irin wanda a ke sassaƙa dutsen niƙa da shi. Can ƙarƙashin ƙasa ya narke ya daskare, ba shi da hawa-hawa, don haka in ruwa da rana suka ci shi sai ya yi ƙwarya a kife, ko kuwa ya farfashe ya zama manyan ƙwallaye, wani bisa wani. Iri na biyu shi ne mai kai kamar faifai, kuma a kansa zan tsaya.

In ka bar Azare ka yi gabas wajen Fataskum, ko ka yi kudu ta Darazo zuwa Dukku, za ka shiga ƙasar da masana duwatsu suka sa wa sunan Karekare. Dutsenta dutsen yashi ne, watau yashi da laka waɗanda koguna da tafkuna suka jibge hawa-hawa tun fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, suka danƙare. A nan ne mutum zai soma ganin tsaunuka masu bajajjen kai, kamar an sa wuƙa an yanke su. Daniski, inda Bolawa suka zauna kafin su sauko Fika, irinsu ne. Haka nan Dala da Goron Dutse a Kano, da tsaunukan ƙasar Gwandu, da waɗanda suka ba garin Dogon Dutse na Nijar sunansa. Abin da na ke so mai karatu ya lura da shi, in ya sami wurin da uku ko huɗu suka jeru, shi ne kawunansu duka sun yi daidai da juna. In da za a miƙa igiya daga wannan zuwa wancan, da ta kwanta sambal.

Wannan daidaituwa ita ce mabuɗin zancen. Tsaunukan nan ba tsirowa suka yi daga ƙasa ba. Kawunansu su ne fuskar ƙasa ta dā. A wani zamani mai nisa fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe ya haɗa su duka, sa'an nan ruwa ya yi ta cin abin da ke tsakaninsu yana kwashewa, har ƙasa ta sauka ta bar su a tsaye. Duk wanda ya taɓa ganin masu haƙar kududdufi a kan jinga ya san wannan: su kan bar ginshiƙin ƙasa a tsakiyar rami, da ciyawarsa a kai, don a auna zurfin abin da suka haƙa. Dala ginshiƙi ce irin wannan, sai dai mai haƙar ruwan sama ne.

Me ya hana ruwan cinye su su ma? Hula ce gare su. In ka hau irin wannan tsauni za ka tarar da kansa a lulluɓe da jan dutse mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda mu ke kira marmara. Marmara 'yar ƙasashen zafi ce, inda a ke damuna da rani. Da damuna ruwa mai ɗumi ya kan nutse cikin ƙasa, ya narkar da duk abin da zai narku ya tafi da shi, ya bar tsatsar ƙarfe, gama ita ba ta narkewa da sauƙi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da damuna, ya sauka da rani, shekara dubbai bisa dubbai, tsatsar nan tana taruwa a hawa ɗaya. Muddin tana binne da danshi tana da ɗan taushi, har a kan iya sare ta da gatari. Amma da zarar ƙasar da ke kanta ta zaizaye, rana da iska suka same ta, sai ta ƙeƙashe, ba ta kuma komawa yadda ta ke. Wani likita Bature, Faransis Bukanan, ya ga mutanen Malabar a ƙasar Hindu suna yanka ta suna gini, a littafinsa na 1807 kuma ya raɗa mata suna daga kalmar Latin mai ma'anar tubali, sunan da a ke kiranta da shi a littattafan Turanci har yau. Maƙeranmu sun riga shi sanin darajarta, gama a cikinta su ke samun tama, kuma tamar Dala na cikin abin da ya jawo mutanen fari suka zauna a gindinta.

Hular ba ta hana tsauni mutuwa, jinkirta shi kaɗai ta ke yi. Ruwa ba ya iya fasa ta daga sama, sai ya bi ta gefe ya rarake dutse mai taushi da ke ƙarƙashinta. In gindi ya rarake, bakin hular ya karye ya gangaro. Shi ya sa kowane irin wannan tsauni ya ke da siffa guda: sama gaɓa a tsaye kamar garu, ƙasa da ita gangare cike da fasassun marmara, sa'an nan shimfiɗa mai sauƙi zuwa gonaki. Da haka faɗinsa ya ke raguwa, tsawonsa kuwa yana nan. Tudu mai faɗin yini guda ya rabu ya zama tsaunuka, tsauni ya tsuke ya zama kamar rumbu, ran da hular ta faɗi duka sai ya zama tsibi, daga nan kuma ba ya daɗewa. Mutanen Sifen suna kiran mai faɗin mesa, watau tebur da harshensu, kalmar kuma ta shiga littattafan makaranta. Malam ya yi hattara ya bayyana ta, kada yara su koma gida su ce an koya musu maciji.

A tudun Jos akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Waɗansu tsaunuka masu bajajjen kai a can, kawunansu a dā kwari ne. Narkakken dutse ya malalo ya bi kwarin koguna ya cika su, ya binne tsakuwarsu, daga baya samansa ya zama marmara. Tuddan da ke gefe ba su da irin wannan hula, sai suka riga shi zaizayewa. Kwari ya koma tsauni, tudu ya koma kwari. Masu haƙar kuza sun san wannan sarai, don sun sha tarar da tsakuwar kogi da kuzarta a ƙarƙashin irin wannan dutse. Ba kuwa kullum marmara ce hula ba. Dutsen Tebur na birnin Kef a Afirka ta Kudu, wanda ya haura mita 1,000, da Roraima a Amurka ta Kudu, mita 2,810, ƙaƙƙarfan dutsen yashi ne ya rufe su. Hula dabam, aiki ɗaya.

Saura tambaya: duk abin da ruwa ya kwashe, ina ya kai shi? Babban rabo nan ya zo. Kogin Jama'are, wanda a ke kira Bunga a can sama, daga tuddan Jos ya taso, ya bi ta Jama'are da tsohon garin Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe. Shi da magabatansa su ne suka yi ta ɗauko yashi da laka suna zubawa a kwarin Cadi, har suka cika shi ya zama filin da mu ke nomawa. Duwatsun Shira ma tsibirai ne da suka leƙo daga cikin wannan jibgi. Jigayin arewa kuwa, waɗanda suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, iska ce ta sake tara yashin a wani zamanin fari mai tsanani. Don haka a ganina kuskure ne malam ya ce wa yara ƙasarsu ba ta da ruwa da duwatsu. Yashin da ke filin wasansu niƙaƙƙen dutse ne. Rijiyoyinmu suna ba da ruwa ne don yashin yana riƙe shi. Ambaliyar da ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum a damunar 2024 kuwa, tana nuna yadda ruwa ya kan yi in ya sauko fili ya rasa gangaren da zai bi.

Har tarihi ma ya bi siffar ƙasa. Mutanen Shira da na Ningi dutse ne garkuwarsu. Malam Zaki da ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19 ba shi da dutse, sai aka gina wa garin nasa da hannu. Kilafaton da ya iso a Janairun 1824 ya tarar da ganuwa biyu da gwalalo uku, ya kuma lissafa garin a kan mafi ƙarfin da ya gani tun barinsa Tarabulus. Da zamanin yaƙi ya wuce, aka mai da fadar sarki Azare a 1916.

Yanzu ga yadda na ke ba da shawara a koyar da darasin inda babu dutse. A tara jiƙaƙƙen yashi gauraye da ɗan laka a bayan aji, tsawon kamu ɗaya, a baje kansa da katako. A ɗora tsingaro uku ko huɗu a kai, nesa da juna. A sami gwangwani a huda gindinsa da ƙusa, yaro ɗaya ya riƙe shi sama yana zuba ruwa a hankali, sauran su tsuguna su duba ta gefe. Ba da jimawa ba tsakanin tsingaron zai zaizaye, kowane ɗaya ya tsaya bisa ginshiƙinsa, kawunansu daidai. A ci gaba da zuba har ɗaya ya rarake ya faɗi. Sa'an nan a sa yara su bi ruwan su ga inda ya kai yashin ya shimfiɗe, a kafa tsinke a wurin, a tambaye su sunan garin. In da ramin burji kusa da makaranta, a aiki biyu daga cikinsu su ɗauko guntun marmara, a fasa a aji, kowa ya shafa jan a tafin hannunsa ya gwada shi da tsatsar tsohuwar fartanya.