Sawun Garmar da Ya Ƙi Gogewa a Ƙasan Teku

Manomin Dawanau ya san kunyar da ya tayar bana ba za ta ga baɗi ba. Ruwa zai baje ta, shanu su tattake, a zuba taki, gona ta dawo sabuwa. A ƙasan teku abin ba haka yake ba. A 1989 masanan Jamus suka ja garma a zurfin da ya haura mita 4,000, yamma da Peru, don gwada ɓarnar da haƙar ma'adinai za ta yi. Da aka koma a 2015, sawun na nan raɗau, halittun wurin ba su gama farfaɗowa ba.

Abin da ake kwaɗayi wasu baƙaƙen duwatsu ne masu girman dankali, barbaje tsakanin Hawai da Meziko, ɗauke da manganis, nikel, kobalt da jan ƙarfe, kayan haɗa batirin waya da motar lantarki. Dutse ɗaya sai ya shekara miliyan kafin ya ƙara kaurin 'yan milimita. A wannan duhu mai tsananin sanyi, a jikin duwatsun soso da murjani ke maƙalewa; akwai ma wata farar halitta mai hannu takwas da ke yin ƙwai a karan soson. Ƙidayar 2023 ta sami jinsi sama da 5,000 a yankin, kusan tara cikin goma ba a ko raɗa musu suna ba. Ikon Allah sai kallo.

Yarjejeniyar teku ta 1982 ta ce wannan dukiya gadon 'yan Adam ce baki ɗaya. Najeriya na ciki, har Nijar da ba ta da gaɓar teku. Hukumar da ke riƙon amanar a Kingston ta Jamaika ba ta kammala ƙa'idojin haƙar ba, sai ga shugaban Amurka Trump a Afrilun 2025 ya umarci a gaggauta bai wa kamfanoni lasisi, alhali Amurka ba ta cikin yarjejeniyar.

Masu goyon bayan haƙar na cewa gara a kwashi na teku da a ci gaba da yayyaga doron ƙasa. Wanda ya tuna gubar dalmar haƙar zinare da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba zai raina wannan hujja ba. Sai dai a ƙauyen Bagega na Zamfara iyaye sun yi kuka, likitoci suka zo, aka kankare gurɓatacciyar ƙasa. Wa zai kai ƙara daga zurfin mita 4,000?

Ya kamata wakilan Najeriya a Kingston su bi sahun ƙasashen da ke cewa a dakata tukuna.